Odinatar Amana

A tashar Madarunfa, ana jiran motar Maradi, wata mata ta dubi kwalin da wani dattijo ya rungume.

"Baba, talabijin ce?"

"Odinata ce, ɗiyata, kwamfuta kenan. Ɗana Amana ya bar ta da zai tafi karatu Beljik. So nake a haɗa ta da layin tarhon gidanmu, ta shiga intanet ɗin nan."

"Ai kuwa ta tsufa. Za ta kama?"

"Mai gyara ya ce sai an sa mata modam, na sai da tunkiya na saya. Yanzu kuma wai ƙwaƙwalwarta ta yi kaɗan."

"Wannan wahala haka! Ba ya rubuto muku wasiƙa ne?"

"Ya daina tun bara waccan. An ce can sun bar rubutu a takarda, sai ta na'ura. Ga uwarsa kwance, kullum sunansa take kira."

"To in ta kama, kana da adireshinsa na ciki?"

Dattijon ya gyara igiyar kwalin.

"Ashe ba ita ke nemo mutum ba?"

Matar ta kau da kai.

"Allah ya sa a dace, Baba."