Gafiyar Tsallaken Kanal

Ranar kasuwa a Bunkure, ina zaune a rumfar wani tsohon maharbi mai sayar da baka da kibau, sai ga wani manomi, ƙafafunsa duk laka, ya ɗauki wani baka.

"Baba, kibiyar wannan bakan tana da gudu?"

"In ka ja tsirkiya har kunne, kafin ka ƙifta ido ta isa. Me za ka harba?"

"Gafiya. Ta dame ni a gonar tumatir."

"To ai tarko za ka saya, ɗana."

"Ni dai gaya mini, daga wannan gefen kanal ɗin ban ruwa zuwa wancan, za ta kai da ƙarfinta?"

"Za ta kai, in tsirkiyar ba ta sha raɓa ba. Fata ce, da ta jiƙe sai ta saki, kibiya ta faɗa ruwa. Gonarka tana wane gefen?"

"Wannan."

"Gafiyar kuma tana wancan?"

"Can take tare mini ruwa. Yau kwana huɗu shukata ba ta sha ba."

Tsohon ya karɓe bakan ya tura ƙarƙashin tabarma.

"Gafiya mai tare ruwa! Je ka wurin mai unguwa ya sasanta ku. Ni ba na sake sayar wa mai gafiya baka."

"Sake kuma?"

"Jiya wani ya zo daga tsallake, da laka kamarka. Shi ma faɗin kanal ya tambaye ni."

Manomin ya matso kusa da tsohon.

"Baba, ka gaya masa zancen raɓa?"

"Na gaya masa mana. Har kitsen shafa wa tsirkiyar ya saya."