Reshen Da Auta Ta Yanke

AUTA: Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni?

YAYA: Wa alaikumus salam, Auta. Lafiya lau. Ya gida, ya maigidan?

AUTA: Duk lafiya. Ya shagon hoto? Ya ciwon bayan?

YAYA: Da sauƙi, alhamdu lillahi.

AUTA: Ka ga hotunan tsuntsayen da na turo? Gobe fa za a rufe gasar hotunan da nake son shiga.

YAYA: Na gani. Na farko ya yi duhu, rana na bayan tsuntsun. Na biyu hannunki ya yi rawa, ya fito kamar tabon mai a riga.

AUTA: Kai, Yaya! To na sheƙar fa? 'Ya'yan nan uku da bakinsu a buɗe?

YAYA: Shi ne ya hana ni sukuni. Ya cika fita.

AUTA: Me? Layin wayar na yankewa.

YAYA: Na ce ya cika fita! Auta, ƙaramin tsuntsu ba ya yin sheƙa a fili. Ina ganyen da ya rufe ta?

AUTA: Wane ganye?

YAYA: Kar ki raina mini hankali. Ga reshe nan a gefen hagu, bakinsa fari, sabon yanka.

AUTA: Ai... ɗan aski na yi masa da almakashi. Kai ka koya mini cewa haske shi ne hoto.

YAYA: Inna lillahi! Haske na ce ki nema, ban ce ki kware musu rufi ba. Rana ta gasa su, shaho ya hango su, ga magen maƙwabtanku. Yaushe rabonki da ganin uwar?

AUTA: Tun da na yanke ban lura ba. Wallahi ba da mugunta na yi ba.

YAYA: Na sani. Nemo ganye ki ɗaura da zare, ki ja da baya. Maza!

AUTA: Ga ni a gindin bishiyar. Bari in taka kujera... Yaya.

YAYA: Na'am?

AUTA: Ɗaya ya rage. Ga gashi nan a ƙasa.

YAYA: Yana motsi?

AUTA: Yana buɗe mini baki, irin na hoton nan. Yaya, me zan ba shi?

YAYA: Saurara da kyau. Kar ki...

AUTA: Kar in me? Yaya? Yaya!