Hannun da Ke Kan Kafaɗar Mai Hoto

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyar masu shaguna na layinmu, malamanmu, dattawa, uwargidan marigayi, 'ya'yansa da 'yan'uwansa, da duk wanda ya rufe shagonsa ya zo, ina gaishe ku. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ba don zurfin karatu aka ba ni wannan magana ba. A sakandare na tsaya, na fara da ɗaukar katako a ka, yau kuma masana'antar kujeru da firam na saka hotuna da ke ƙarshen layi tawa ce, ba wanda ya ɗora ni. An ba ni ne don kusan duk firam ɗin da Mai Hoto ya cika a rayuwarsa daga hannuna ya fito.

Ya kasance mutum mai awo. Idan ka kai masa hotuna a waya, ba ya taɓa kwamfuta sai ya ɗauki tef ya auna kowane gurbi na firam ɗin, ya ware na tsaye, ya ware na kwance, sannan ya zauna shirya su. Ya kasance mai faɗin gaskiya ko ba ta yi daɗi ba. Na taɓa kai masa hotona na ce ya cika babban gurbi da shi, ya dube ni ya ce hoton ba shi da ƙarfi, in ya ja shi ya ƙara masa girma fuskata za ta watse kamar an zuba mata ruwa. Na yi fushi, na kai wani shago, aka ja, na fito ko matata ba ta gane ni ba.

Ya kasance, kuma a nan nake so ku saurara, ba ya yanke mutum. Idan hoto ya fi gurbi faɗi, sai ya rage girmansa gaba ɗaya, ya bar farin fili sama da ƙasa. Masu kawo aiki su yi ta mita, ya ce da su: "Gara kowa ya fito ƙarami da a ce wani bai zo ba." Mun ji wannan a bakinsa har mun haddace.

To, ga firam ɗin tunawa da shi nan a gabanmu. Ni na haɗa shi kyauta, na san kowane gurbi. Tun da na shigo idona ke kan hoton ƙasa ta hagu, na ranar buɗe shago. Ku duba kafaɗar marigayi. Akwai hannu a kai, amma ba mai hannun. Ni na ɗauki wannan hoto da kyamarar marigayi, a kwance na ɗauke shi, mutum biyu ne a ciki. Kuma tabon da ke kan babban yatsan nan duk layinmu mun san shi. Na ƙaninsa ne, Mai Gilashi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana yanka gilashi a bayan shagon.

Na tambayi babban ɗan marigayi, wanda ya shirya hotunan, ya ce mini gurbin ne ya yi kaɗan, kwamfuta ce ta datse da kanta. Ɗana, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma na bar gurbi na kwance mai faɗi a tsakiya, na ga hoton mota aka sa a ciki. Kwamfuta ba ta zaɓi mota ta bar mutum ba, wani ne ya zaɓa. Da hoton kaɗai ne, da na yi shiru. Sai na wuce ta shagon na ga sabon kwaɗo a ƙofa, na tambayi Mai Gilashi ko yana da makulli, ya sunkuyar da kai ya ce wai ana gyara ne. Yau kuma ga shi can a kujerar baya, kusa da ƙofa, kamar wanda ya zo rakiya. Ban san wanda ke ba ku shawara ba, ba kuma zan nuna kowa ba, amma abu uku ba sa haɗuwa haka kawai.

Uwargida, ke kin san wanda ya riƙe shagon nan lokacin da maigidanki ke kwance. 'Ya'yan marigayi, wannan baffanku ne, a shagon nan yake ci, ba shi da wani wurin. Cikakken hoton yana rataye a ofishina. Kada a kafa wannan firam a bango sai an kwance bayansa an mayar da hoton yadda aka ɗauke shi. Makulli kuma ku kuka san inda yake.

Mai Gilashi, taso. Ga kujerata nan a gaba, ni na gama zama.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Allah ya jiƙan Mai Hoto, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa kan waɗanda ya bari, babba da ƙarami, ba tare da an bar kowa a waje ba. Amin.