Bakin Baba Ya Karkace a Gaban Mai Hoto

Mai gabatarwa, barka da aiki. Sule ne daga Ruwan Bago.

Na kai mahaifina Rogo ɗaukar hoton fasfo. Mai hoto ya ce, "Baba, daidaita bakin mana!" Baba ya amsa kamar mai tauna goro goma. Muna ta dariya, sai hannunsa ya saki, sandarsa ta faɗi.

Na ɗebo ruwa, wata malamar asibiti ta daka mini tsawa: "Kada ka ba shi, zai shaƙe! Shanyewar ɓarin jiki ce. Kwantar da shi ta gefe, nemo mota!"

Alhamdu lillahi, saurin kai shi asibiti ya taimaka, yana takawa. Amma likita ya hana shi gishiri, jiya kuwa na kama ƙullin gishiri guda cikin hularsa. Jama'a, yaya zan yi da dattijon nan?