Hanyar Bayan Famfo

Kun ga tulin bulo a tsakiyar hanya, kuka kewaye shi kuka wuce. To, ga abin da na ji a tashar mota, tsakanin wata tsohuwa mai kwanon abinci da wani malamin makaranta.

"Iya, mota har asibiti? Ai ga shi can bayan unguwa."

"Ido ke kaiwa, ɗana, ƙafa ba ta kaiwa. Lungunan da muke bi duk an gine su. Jiya aka toshe na ƙarshe. Maigidana yana kwance, kafin in zagaya abincinsa ya huce."

"Sai haƙuri, gari ne ke girma. Ni ma da ƙyar na samu ɗan fili siriri a bayan famfo. Gobe za a fara gini."

"Bayan famfo? Ɗana, wannan ai hanyarmu ce."

"Dillali ya ce ba mai bi."

"Ta nan muka turo maigidana a baro, shi ya sa yake numfashi."

Malamin ya sunkuyar da kai.

Ku je ku duba lungunku yau. In kun ga bulo, ku tara maƙwabta ku tsaya a kai kafin a zuba siminti.