Hoton da yayana ya rataye a shago

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da ƙoƙari. Sunana Salisu, ɗan Damagaram, ina sayar da kayan abinci a shagon yayana, Alhaji Maman, a unguwar Mount Hope cikin Bronx, nan ƙasar waje.

Ranar da aka kashe shugaban Libiya, Alhaji ya rataye hotonsa a saman kanta. Ya ce a zamanin mulkin shugaban ya yi aiki a garin Sabha na Libiya, da gumin nan ya gina wa mahaifiyarmu gida.

Bayan la'asar sai ga maƙwabcinmu Abdussalam, Balaraben Libiya, wanda muke sallah sahu ɗaya da shi. Da ya ga hoton, sai ya nufo kanta.

Ya ce, "Alhaji, sauke wannan. Mutanensa suka ɗauke ƙanena daga jami'a, har yau ba mu ga gawarsa ba."

Alhaji ya ce, "Ni kuwa ya ciyar da gidanmu. Ba zan sauke ba."

Abdussalam ya kai hannu zai sauke hoton, Alhaji ya cafke masa wuyan riga. Masu sayayya suka watse, wata mata ta ɗauko waya za ta kira 'yan sanda. Na shiga tsakaninsu ina haɗa su da Allah, da ƙyar Abdussalam ya fita yana hawaye.

Tun ranar ya sauya masallaci, hoton kuma yana nan. Ni dai kukansa ya tsaya mini a rai, amma yayana ne ya kawo ni ƙasar nan. Jama'a, ku ba ni shawara: in sauke hoton, ko in yi shiru?