Ruwan da Aka Ce Ya Gyaru

A tashar Daura ana jiran motar Baure ta cika. Munzali, masuncin da ya dawo daga kudu, ya dubi malamin kimiyyar da benci ya haɗa su.

"Malam, bututun mai ya fashe a rafinmu. An kwashe baƙin man tas, ruwa ya yi garau, amma kifi bai daina mutuwa ba."

"Akwai wani asid cikin ɗanyen mai, naftenik ake kiransa. Narkewa yake a ruwa, ido ba ya ganinsa. Ƙarfe ma ci yake."

"Har ƙarfe?"

"Har ƙarfe."

Munzali ya waiwayi matarsa, zanen goyo a ninke bisa cinyarta, babu goyon.

"Ce mana aka yi ya gyaru, malam. Da shi muka riƙa dama wa yarinyarmu koko, har ta rasu."